Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ruwan Ɗalibin Azare da Ledar Teku?

Tambaya: Ni malama ce a wata sakandare a Azare. An damƙa mini ƙungiyar kula da muhalli ta makarantarmu, amma duk hotuna da darussan da na samu maganar teku suke yi, da kifayen da leda ke kashewa. Ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba, har suna cewa ina ruwansu. Ta ina zan faro?

Amsa: Malama, Allah Ya ba da ladan ɗawainiya. Yaran nan suna da hujja, domin wanda aka tsara wa darasin yaron Legas ne ko na Fatakwal. Ki ajiye hotunan tukuna, ki nuna musu inda tasu ledar take ƙarewa.

Da ni ne, da mayanka zan fara. Ki nemi izinin shugaban makaranta da na Sarkin Fawa, ki kai su da sassafe, ki bar mahauta su yi bayani da bakinsu. Babu mahaucin da bai saba farka tumbin akuya ko na saniya ya tarar da leda ta dunƙule a ciki ba. Dabba tana cin ledar ne saboda gishiri da maiƙon da suka rage a jikin ledar, alhali ba ta narkewa. Sai ta tare wurin abinci, ciki ya kumbura, dabba ta yi ta ramewa, mai ita yana ta kashe kuɗi a magani. Yawancin ɗalibanki akwai tunkiya ko akuya a gidajensu, wata ma ta mahaifiyarsu ce, ita ce jarinta. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai kin yi masa dogon wa'azi ba.

Daga nan sai gona. Tun kaka da kakanni manomi yakan kwashi sharar gari da rani, a jaki ko amalanke, ya kai gona a matsayin taki, saboda a da toka ce da kashin dabbobi da ɓawo. Yanzu takin ya cakuɗe da leda, ruwa ba ya ratsa ƙasa yadda ya kamata, saiwar gero ma tana cin karo da ita. Wannan ya fi komai damuna, domin al'adar da ke raya gona ita ce yanzu take kai mata cuta.

Ruwa ma muna da namu. Ki buɗe musu taswira su bi Kogin Jama'are da yatsa: ya wuce ta tsohon garin Katagum, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗe da Kogin Haɗeja suka zama Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi. Duk abin da ambaliya ta kwasa daga garuruwan bakin kogi, masunta da masu noman rani na can ƙasa yake tararwa. A cikin gari kuwa, idan leda ta toshe magudana ruwa yakan kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa.

Sannan ki ba su aikin ƙirga. Su tattara ledojin fiya wata na harabar makaranta na mako guda. A ce ɗalibai 1,000 ne, kowa ya sha biyu a yini, cikin kwana biyar an tara 10,000. Malamin lissafi zai iya ɗaukar wannan ya zama darasinsa. Idan sun tambaya ko wani ya taɓa yin maganin abin, ki gaya musu Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, Legas kuma ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024.

Roƙona gare ki, Malama, a daina mayar da tsintar shara horo. Muddin wanda ya makara shi ake sa wa ya tsinci leda, yaro zai tashi yana ganin aikin na masu laifi ne. A raba shi aji-aji, manya da ƙanana, malamai ma su sa hannu.

Kuma kafin a hana yaro yar da leda, a tanadar masa inda zai zuba. Tsofaffin buhuna sun isa: ɗaya na leda, ɗaya na gorunan roba da gwangwani waɗanda 'yan jari bola za su saya, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, sai rami a bayan makaranta don ganye da ragowar abinci su ruɓe su zama taki. Kada a cinna wa leda wuta, hayaƙinta guba ne, musamman ga masu asma. Tun kafin buhunan su cika, shugaban makaranta ya rubuta wa sashen tsafta na Ƙaramar Hukumar Katagum ko hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, a tsayar da ranar da za a riƙa zuwa kwashewa.