Ƙasan Ɗaki, Akushin Mai Rarrafe

Jama'a, duk wanda yake so ya san amfanin ƙasan ɗaki, to ya zauna ya zuba wa yaro mai rarrafe ido na ɗan lokaci. An ba shi guntun ƙosai, ya yar, ya bi shi da gwiwa, ya dafe shi da tafin hannu, ya ɗauka ya kai baki. Da ya gama sai ya tsotse yatsunsa. A daidai wurin nan kaza ta gifta da hantsi, wansa kuma ya shigo da takalmin da ya tako bakin kwata. Uwar tana can tana darje masa kwano da sabulu, ba ta san ya riga ya ci a babban akushinsa ba.

Mu manya ma ba mu tsira ba, tun da a ƙasa muke shimfiɗa tabarma mu ci tuwo, a nan muke ɗora goshi, kuma da bazara in gado ya gagari kwana a nan ake bajewa. Sai dai yaro ya fi mu shan wuya. Ƙwan tsutsar ciki yana fita ne cikin kashin mai ita, ido ba ya ganinsa, kuma yakan yi watanni a ƙasa mai laima bai mutu ba. Daga ƙasa ya hau hannu, daga hannu sai ciki. Sai ka ga yaro da ƙaton tumbi da siraran ƙafafu, yana ci ba ya ƙiba, ana ta cewa haƙori ne. A ƙasar Meziko, daga shekarar 2000, gwamnatin jihar Kowawila ta shiga zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu na turɓaya. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar a gidan da aka shafe ko'ina tsutsar ciki ta ragu a jikin ƙananan yara da kashi 78 cikin 100, gudawa kuma ta ragu da kusan rabi. Ba allura, ba ƙwaya.

Kada wani ya ce ai wannan zancen masu kuɗi ne. Kakanninmu ba su san siminti ba, amma ba su kwana a kan turɓaya ba. In za a kai amarya, matan unguwa kan yi gayya, a baza marmara, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta ana bugu ana waƙa har tsakuwa ta kwanta lumui. Sannan a bi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wasu kuma su yi da ruwan bagaruwa. Daɓen da ya sha makuba yakan yi duhu, ya yi ƙarfi, ya yi sheƙi, tsintsiya ta wuce a kansa ba ta tono ƙasa. Abokan gabansa biyu ne: ruwan da ya kwanta, da turmi. Kar a yi daka a kansa, kar a bar randa tana tsattsafo a gindinta, in ya fara rami a cike a sake bugawa tun ramin bai kai faɗin faifai ba. Mai wannan daɓen a ƙauye ta fi mai fasasshen siminti a birni, ko da ta birnin ba za ta so jin haka ba.

Shi siminti, yawancin lalacewarsa tun ran zubi take farawa. Maigida ya matse hannu, birkila ya cika yashi, a shafa yau gobe a shigo da gado. Kwano ɗaya na siminti, uku na yashi mai kyau, shi ne shafen da ke daɗewa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a ɗora masa nauyi. Wanda aka hana wa ruwa shi ne wanda za ka ga yana gari, kullum ana shara kullum ƙura, uwargida tana shan zargin ƙazanta a kan laifin da ba nata ba.

To, ga babbar magana: ledar ɗaki. Ba abin da ya rufa wa ƙazanta asiri a gidajenmu kamarta. Sama fes, furanni suna ta ƙyalli, baƙuwa ta shigo ta yaba. Amma uwargida, yaushe rabonki da ki ɗaga gefenta? Ki gwada yau. Ruwan mofa da yake sulalewa ta bakin ƙofa, da fitsarin yaro da ya bi ta inda ta yage, da laimar damina da ke tasowa daga ƙasa, duk suna can a kwance ba hanyar fita. Za ki ga simintin ya yi baƙi, wani wari mai kama da na tsohuwar rijiya ya bugo ki, kyankyasai su watse, wani lokaci har da kunama. Turaren wuta ba ya maganin wannan, sai dai ya haɗu da shi su zama wani wari na uku. Ko sau ɗaya a wata a fitar da kaya, a naɗe ledar a kai ta rana, a share ƙasan a bar shi ya sha iska ya bushe ƙayau kafin a mayar. In ta yage har ta wuce liƙi, gara siminti tsirara da ita. Kafet ma haka, ya ma fi, don shi har ƙurar hunturu yake haɗiyewa ya riƙa mayar wa mai asma da dare.

Shara kuwa kowa na ganin ya iya. A yayyafa ruwa tukuna, musamman da hunturu, in ba haka ba ƙurar tashi za ta yi ta jira ki gama ta sauko. A fara daga ƙuryar ɗaki, a sunkuya ƙarƙashin gado da bayan kabad, a kwashe nan take, kada a tara a bayan ƙofa. Masu cewa ba a shara da dare, to, ba mu zo jayayya ba, amma tuwon da ya zube bayan isha'i in ya kwana ɓera ya samu walima. Ɓera kuma ba abin wasa ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ta fitsarin ɓera da kashinsa yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Tsintsiyar banɗaki daban, ta ɗaki daban. Tsumman goge-goge a wanke shi a shanya a rana, don wanda ya kwana cikin bokiti raba dauɗa kawai yake yi.

Masu tayil su kula da santsi. Tsohuwa ta fito alwala da asuba ta taka jiƙaƙƙen tayil, ƙugu ya karye, wata daga nan ba ta sake tashi. A goge, a bi da busasshen tsumma. Kuma kada a kuskura a gauraya ruwan bilic da maganin wanke masai don wai ya fi ƙarfi: hayaƙin da ke tashi guba ne, yana ƙona huhu. Masu zuba kananzir a ruwan mofa don korar kiyashi su tuna akwai risho da kaskon turare a ɗakin. Omo da ruwa sun isa.

Akwai kuma dauɗar da maigida ke shigowa da ita daga wajen nema. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, masu haƙar zinariya sun riƙa kawo duwatsu cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Dutsen yana da gubar dalma, ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida da ɗakuna, yara suka yi ta rarrafe a kai. Yara wajen 400 suka rasu. Kafin a yi wa sauran magani sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa, domin in an warkar da yaro ya koma kan ƙasar nan, gubar za ta sake shigarsa. Saboda haka mai gyaran batir, da mai feshin gona, da mai fenti, kowa ya tuɓe takalmi da kayan aiki tun daga zaure.

Da can duba-gari kan shigo har ƙuryar ɗaki, su leƙa randa, su ci tarar mai gida. Ka lura, mai gida suke ci, ba matarsa ba. Malam, tsagar nan ta bakin ƙofa da kake tsallakewa kullum, tsintsiya ba ta iya fito da abin da ke cikinta. Ka sayo siminti mudu ɗaya, ka faɗaɗa tsagar kaɗan da kurfi, ka share garin, ka jiƙa wurin sosai, ka cike ka lallaɓe da cokalin gini. Ka kife kwando a kai don kada yara su taka, ka ce da uwargida ta riƙa yayyafa masa ruwa har mako ya zagayo.