Darasi: Hukuncin Masu Cin Gumin Yara a Dokokin Nijar

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi hukuncin da dokokin ƙasarmu suka tanada ga wanda ya mai da yaro dukiya: ya saye shi, ko ya sayar da shi, ko ya karɓi hayarsa domin bara, ko ya bautar da shi. Abin da muke son a riƙe shi ne, doka tana tsananta hukunci idan wanda aka cuta yaro ne, kuma yardar yaron ko ta uwayensa ba ta wanke mai laifi.

Na farko: wane ne yaro a wurin doka?

Yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Wannan shi ne ma'aunin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990. A shekarar 2000 kuma aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Falarmo na ƙasar Italiya kan fataucin mutane, a kanta aka gina dokarmu ta 2010 da za mu ambata nan gaba. Ga bambancin da ta kawo. Idan babba ne aka yi fataucinsa, sai an tabbatar da abu uku: an ɗauke shi ko an yi jigilarsa ko an ajiye shi, an yi haka da ƙarfi ko da yaudara ko da barazana, kuma nufin shi ne a ci guminsa. Idan kuwa yaro ne, ba a neman shaidar ƙarfi ko yaudara. Ɗaukarsa da nufin cin guminsa kaɗai ya isa laifi, domin yaro bai kai matsayin da zai ba da yardar da za ta ɗaure shi ba.

Na biyu: matakan hukunci

Dokokin ba su haɗa laifukan a ma'auni ɗaya ba, hawa-hawa suka yi su. Mataki na ƙasa shi ne na bara: aya ta 181 ta kundin hukunta laifuka ta sa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1 ga uwayen da ƴaƴansu suka mai da bara sana'a, da wanda ya tura su, da wanda yake cin abin da suka samo yana sane. Dokar ƙwadago ta 2012 kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki.

Mataki na sama shi ne na bauta da fatauci. Doka mai lamba 2003-025 ta ranar 13 ga watan Yuni 2003 ta shigar da laifin bautar da mutum cikin kundin, ta sa masa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Sa'an nan doka mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga watan Disamba 2010 ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai fataucin babba, shekara 10 zuwa 30 ga mai fataucin yaro, ta kuma lissafta cin gumin mutum ta hanyar bara cikin nau'o'in fatauci. Ke nan wanda ya tara yara daga ƙauyuka ya kai su wani gari domin su riƙa kawo masa kuɗi kullum yana iya fita daga ma'aunin wata 6 ya faɗa ma'aunin shekara 10. Kada a rikita wannan doka da ta 2015 kan jigilar baƙin haure, wadda aka soke a watan Nuwamba 2023; dokoki biyu ne daban.

Na uku: shari'u biyu na Ƙonni

A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani tana ƴar shekara 12, a kan jika 240, ga wani magidanci na yankin Ƙonni, ya ajiye ta a matsayin wahaya, wato macen da ake riƙewa a bayan mata huɗu ba da ɗaurin aure ba. Ta shekara tara cikin wannan hali. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma da ta auri wanda take so sai ya kai ƙara cewa matarsa ce, har aka yanke mata ɗaurin wata 6 bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga watan Oktoba 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar take cikinta a lokacin, ta yanke cewa hukuma ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar miliyan 10.

A watan Mayu 2014 kuma kotun manyan laifuka da ta zauna a Birnin Ƙonni ta yanke wa wani dattijo ɗan shekara 63 ɗaurin shekara 4 saboda riƙe wahaya. Wannan hukunci ya zo ne shekara 11 bayan kafa dokar, kuma ƙungiyar Timidiriya ce ta tsaya a kan ƙarar. Mu lura, shekara 4 ba ta kai ko rabin mafi ƙarancin abin da aka rubuta ba, domin alƙalai suna da ikon sassautawa idan sun ga dalili. Darasin a nan shi ne, doka ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an samu mai kai ƙara da mai ba da shaida.

Na huɗu: abin da shiru yake jawowa

A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada a arewacin Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, kuma mafi yawan matafiyan daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. A watan Maris 2022 kuma hukuma ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasa da ke bara a titunan Dakar, da yara masu yawa a cikinsu. Yaro ba ya barin garinsu ba da sanin kowa ba. Akwai maƙwabci da mai gari da limami da suka ga fitarsa.

Na biyar: matsayin Shari'a

Malamai sun kasa uƙuba kashi uku: haddi, wanda nassi ya iyakance, ƙisasi, a kan rai da gaɓoɓi, da ta'aziri, wanda aka bar wa shugaba da alƙali su auna gwargwadon ɓarna. Ɗauri da tara a kan waɗannan laifuka suna shiga babin ta'aziri, kuma tsananta shi saboda raunin wanda aka cuta abu ne da fiƙihu ya sani. Sayar da ɗa mai ƴanci haramun ne ba tare da saɓani ba, kuma a Sahihul Buhari an lissafta mai cin kuɗinsa cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Babu kuma wata ƙofa da addini ya buɗe ta riƙe ƴar musulmi mai ƴanci da sunan wahaya. Neman ilimi farilla ne, amma ciyar da yaro yana kan mahaifinsa, ba kan ƙoƙon bara ba.

Saboda haka muna kira ga uwaye, duk wanda ya kai ɗansa karatu wani gari ya bi shi da abinci da sutura, ya riƙa ziyararsa. Kada a ba wani yaro a karɓi kuɗi a kansa, ko da ɗan uwa ne. Wanda ya ga ana tara yara domin tafiya da su, ya sanar da mai gari ko jandarmomi ko ƴan sanda tun mota ba ta tashi ba. Wanda aka kira shaida kuwa ya faɗi abin da ya gani, domin ɓoye shaida zunubi ne. Allah ya tsare mana zuriya, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci.