Mudu Biyu a Hannu Ɗaya: Nazari a kan Awo cikin Littafin Karin Magana

Akwai kalmar da Tsohon Alkawari yake amfani da ita a kan bautar gumaka, wato abin ƙyama ga Ubangiji. Kalma ce mai nauyi ƙwarai. Amma har sau uku Littafin Karin Magana ya ɗora ta a kan abin da mu muke ɗauka ɗan wayon kasuwa ne kawai, wato tauye awo. Ku duba sura 11 aya 1, da sura 20 aya 10 da aya 23. A sura 16 aya 11 kuwa an nuna mana cewa ma'aunin gaskiya, har da duwatsun awo da ke cikin jakar ɗan kasuwa, duk na Ubangiji ne.

Domin mu gane wannan, sai mu san yadda ake ciniki a ƙasar Isra'ila a zamanin sarakuna. Ba su da kuɗin tsaba a lokacin, azurfa ake aunawa a sikeli. Annabi Irmiya ma da ya sayi gona a Anatot, auna shekel 17 na azurfa ya yi a gaban shaidu (Irmiya sura 32). Masu tonon kayan tarihi sun sami duwatsun awo masu yawa a ƙasar Yahuza, kuma nauyin shekel ɗaya ya ɗan haura giram 11. Hatsi kuwa da kwandon awo da ake kira efa ake aunawa. Saboda haka maƙaryacin ɗan kasuwa yana iya cutar talaka sau biyu a ciniki guda: ya sa dutse mai nauyi in zai karɓi azurfa, ya ɗauko ƙaramin kwando in zai ba da hatsi. Wannan ne laifin da Annabi Amos ya tona a ƙarni na 8 kafin haihuwar Kristi, ya ƙara da cewa 'yan kasuwar suna ƙosawa ranar Asabar ta wuce su koma ciniki, suna kuma sayar da sharar alkama a matsayin alkama. Ikilisiya tana karanta mana wannan wuri, Amos 8:4-7, a Lahadi ta 25 ta shekara a zagayen C.

To, ba sai mun je Samariya ba kafin mu ga irin wannan. Mun san mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Mun san tiyar saye da tiyar sayarwa, da buhun masarar da aka zuba mai kyau a baki aka ɓoye mai ƙwari a ƙasa, da shinkafar da aka ƙara mata tsakuwa, da manjan da aka yi wa algus. Mai yin haka yakan ce ai kowa ma yana yi, kuma abin da ya rage bai fi ɗan hannu ɗaya ba. Amma wa ake rage wa ɗan hannun nan? Mai kuɗi buhu yake saya da kaka. Mai sayen mudu ɗaya ko rabin mudu, shi ne gwauruwa da lebura da ɗan makaranta, waɗanda abincin darensu yake cikin wannan awon. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da ta tsawata wa masu tauye awo, saboda haka Kirista da aka kama da mudu biyu a kasuwa ya kunyata sunan Kristi a gaban mutanen da suka san laifin sarai.

Kada masu saye su ɗauka sun tsira. Karin Magana 20:14 ya zana mana mai sayen da yake kushe kaya yana cewa ba su da kyau, in an sallama masa ya tafi yana fariyar arahar da ya samu. Tayi da neman ragi ba zunubi ba ne, al'adar kasuwa ce da kowa ya yarda da ita. Amma idan manomi ya kawo akuya domin ɗansa yana kwance a asibiti, kai kuma ka gane matsuwarsa ka taya rabin kuɗinta, ka yi awo da ƙaramin mudu ko da ba ka riƙe mudu a hannunka ba.

Batun ɓoye hatsi ya fi wuyar hukunci. Karin Magana 11:26 ya nuna cewa jama'a sukan la'anci mai riƙe hatsi, su sa wa mai sayarwa albarka. Duk da haka Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, ya ceci rayuka da shi. A ganina, wanda ya cika rumbunsa da kaka ya sayar da damina a kan riba mai kima bai yi laifi ba, ya ma yi wa gari amfani. Laifin yana wurin wanda yake ganin yunwa ta shiga unguwa, ya kulle shagonsa yana jiran ta ƙara tsanani.

Yesu ɗan Sirak, wanda ya rubuta littafinsa a Urushalima wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Kristi, ya kwatanta zunubin ciniki da turken da aka kafa a tsakanin duwatsu biyu, ya matse ba ya fita da sauƙi (Sirak 27:2). Bai hana kasuwanci ba, amma ya san haɗarinsa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohana Bulus na II ya fitar a 1992, ya lissafa zambar ciniki, da tauye ladan ma'aikaci, da ƙara farashi saboda rashin sanin wani ko matsuwarsa, cikin abubuwan da suka karya doka ta 7 (lamba 2409).

Lamba 2412 ta ƙara da abin da ba mu cika son ji ba, wato mayar da abin da aka ƙwace. Furta zunubi a gaban Fada bai ɗauke wannan nauyi ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai tsaya ga nadama ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zambata ninki 4 (Luka 19:8). Wani zai tambaya, yaya zan mayar wa mutanen da na yi shekaru ina auna wa, ban ma san sunayensu ba? Da farko a fasa mudun ƙaryar, kada a ajiye shi, kada kuma a sayar wa wani. Waɗanda har yanzu suke zuwa saye, a riƙa cika musu awo a ƙara gyara har a rama kimanin abin da aka tauye, ba lalle sai an yi shela ba. Rabon waɗanda ba za a sake gani ba kuwa, a ƙiyasta shi da gaskiya a ba matalauta. Wanda ya rasa yadda zai yi lissafin, ya nemi shawarar Fada a lokacin da ya je furta zunubi.