Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Gaggawar Sayen Gida

Ɗana,

Na zaɓi in rubuta maka a fili ne saboda sa'anninka da yawa suna kan hanyar da ka ɗauka.

Mahaifiyarka ta ce ka sa rabonka na gidan marigayi mahaifinka a kasuwa, za ka haɗa da abin da ka tara ka sayi wani gida a bayan gari, wanda dillali ya turo maka bidiyonsa ta WhatsApp. Ta ce har ka ba da kafin alƙalami. Ban ƙi ka mallaki muhalli ba, duk wanda ya sha zaman haya ba zai ga laifinka ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ka fitar da kuɗi ba ka ga takarda ba, da aka tambaye ka dalili kuma ka ce wai mai gidan dattijo ne, kana jin nauyinsa.

Kunya ado ce, amma ba a zuwa da ita wurin cinikin ƙasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma waɗanda aka fara yi wa umarnin sun fi ni da kai da dillalinka amana. Dattijon kirki ba ya fushi don an ce ya nuna takarda. Wanda ya ɓata rai, ya ce ba a yarda da shi ba, to ka gode wa Allah da ya nuna maka shi tun da wuri.

Ka san abin da kake saya tukuna. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da satifiket yake ba ka izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya sunan mai shi sai da amincewar gwamna. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, don shi ya san wa ya gaji wa, amma ba ta zama satifiket ba. Ka ɗauki lauya ku je KANGIS, ofishin bayanan filaye na Kano, a duba fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba. Idan mai gida ya ce satifiket ya ɓace, ya miƙo maka takardar rantsuwar kotu, ka ƙara buɗe ido, don sau da yawa yana can ajiye a banki. In kuwa awon igiya ne, ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko titi zai bi ta wurin. Kai ma ka ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, gine-ginen miliyoyi suka kwanta cikin dare ɗaya. Ban shiga siyasar abin ba, amma katafila ba ta tambayar nawa ka biya.

Sai dai duk wannan ba shi ne babban tsorona ba. An ce gidan da kake nema na gado ne, ni kuwa ba abin da na ga ya cinye dukiyar mutane a kotu kamar gidan gado. Akwai wani maƙwabcinmu, tela ne, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru yana kan keke, yana adashi, har ya tara kuɗin gida. Ya sayi wani a cikin gari daga hannun babban ɗan mamacin, a gaban shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ya sauya kwano, ya yi wa tsakar gida siminti, ya haƙa rijiya, matarsa ta dasa lalle a gindin katanga. Ana nan sai ga ƙanin mai sayarwar ya dawo daga Saudiyya, inda ya daɗe yana neman kuɗi, ya ce shi ba wanda ya shawarce shi. Bayansa ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta taso, ta ce ko sisi ba ta gani ba. Gado ba a raba shi ba, ka ga kenan babban ɗa ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Ga kuma shuf'a: a mazhabarmu ta Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓar rabon da aka sayar a kan farashin da aka biya. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan, nasa yana jiransa komai daɗewa. Telan nan ya yi ta zarya kotu har idonsa ya fara rauni. Daga ƙarshe aka mayar masa da kuɗinsa, kuɗin da a lokacin ko kango ba za su saya ba. Ina tuna ranar da suka kwashe kaya a kura, matar ta tsaya tana kakkarya reshen lallen nan za ta tafi da shi. A gidan haya ya rasu.

Saboda haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu. Kowane magaji ya sa hannu da kansa, har matan da ke ɗakin aure, har matar mamacin mai tumuni. In akwai maraya ƙarami a ciki, sai da izinin alƙali. Wannan maganar ta hau kanka kai ma, don ina jin ba ka zauna da 'yan'uwanka mata ba kafin ka kira dillali. Su suka fi kowa cancantar a fara yi wa tayin rabonka.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, komai a waya. Ka ga tayil yana ƙyalli, ka ga fenti sabo, shi kenan zuciya ta tafi. Mu da muka taso, mutum sai ya yi sallar Magariba da Asuba a masallacin unguwa kafin ya taya gida, ya zauna a dakali ya ji wa ke maƙwabtaka da shi, ya ga irin samarin da ke tsayawa a lungu bayan Isha'i. Yanzu kun gina dogayen katangu da get, mutum ya shekara bai san sunan na kusa da shi ba, ranar da gobara ta tashi ya rasa mai miƙo bokiti. Gidan kakanka ba shi da tayil, amma zaurensa bai taɓa rufuwa da rana ba, almajiri da baƙo duk sun san hanyarsa.

Na so in yi maka dogon bayani a kan duba gini, ga takarda ta kusa cika. Ka je cikin Agusta bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwan layin yake bi. Ka tambayi tsofaffin unguwa ko wurin kududdufi ne aka cike. Ka tafi da maginin da ka yarda da shi ya duba gindin bango, don sabon fenti ya iya rufe damshi da tsagewa. Ka ɗaga kai ka ga ko manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta sama. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a sallama, a san dillalai nawa ne, don ranar biya sukan yawaita. Kuɗi ta banki, da sunan mai gidan, ba dillali ba.

Game da naka rabon, kada ka sallama sai ka riƙe inda za ka koma. A 2023 buhun siminti yana wajen naira 5,000, farkon 2024 ya haura 10,000. Waɗanda suka sayar da gida suka ajiye kuɗin suna neman wani, da yawansu fuloti kawai suka iya saya. Idan gidan yana da aibi, ka faɗa wa mai saye da bakinka a gaban shaidu, a rubuta.

Kafin alƙalamin da ka bayar, in binciken bai yi kyau ba, ka nema da lalama, in bai dawo ba ka haƙura da shi. Ka zo ranar Asabar da kwafin duk takardar da suka ba ka, ka taho da yayarka, ina so in ji ta bakinta. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka.