Allon Shagon Yayana da Darasin Zana Bangon Wasan Harbe-harbe

A wannan fitowar zan yi bayani ne a kan yadda ake tsara hoton da ke wakiltar wasan harbe-harbe a kasuwar intanet, wato hoton nan da kuke fara gani a Play Store kafin ku sauke gem. Amma bari in fara da kuskuren da na tafka, don daga shi na koyi yawancin abin da zan faɗa.

A hutun da ya wuce na koma gida Gozaki, ta ƙaramar hukumar Kafur. Yayana ya sayar da waken suyar da ya noma, ya buɗe ɗan shagon cajin waya da sola, ya sa talabijin biyu da PlayStation, yara suna buga ƙwallo da Call of Duty. Ya ce, "Tunda kai ne ɗan boko, zana min allon da zan kafa a ƙofa." Na kwana biyu a kan PixelLab. Na jera mutum biyar, na cika bayansu da wuta da hayaƙi, na rubuta sunan shagon da salon rubutu iri uku. A tsakiya na sa wani ƙato ya naɗe fuska da rawani, yana riƙe da AK-47. Muka kai Funtua aka buga, muka dawo muka kafa.

Matsala biyu ta fito a yini ɗaya. Ta farko, da na tsallaka titi na waiwayo, wallahi ko sunan shagon ban iya karantawa ba, sai jajayen launuka a cakuɗe kamar an zubar da miya. Ta biyu ta fi nauyi. Bayan la'asar wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce wa yayana, "Ɗan nan, wa kuke tallata mana a nan? Akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda masu irin wannan shigar, kuma ta nan suke wucewa kullum." Yayana ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, yanzu za a sauke." Aka sauke, kuɗin bugawa ya tafi a banza.

To ga darussan. Sun shafi allon shago, sun kuma shafi bangon gem a intanet, domin aikinsu ɗaya ne: tsayar da mai wucewa.

Darasi na farko: san girman wurin kafin ka fara

Kowace kasuwa da ma'auninta. Google Play yana son tambarin manhaja ya zama pikzel 512 a 512, babban hoton talla kuma 1024 a 500. A Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, ana buƙatar hotuna da yawa. A 2024 sun ninka girman wasu: na saman shafi ya koma 920 a 430, ƙaramin da ke fitowa a jerin bincike 462 a 174. Na tsaye da ke cikin ma'ajiyar mai wasa 600 a 900 ne. Abin lura shi ne hoto ɗaya ba ya shiga duka. Idan ka miƙe na kwance don ya zama na tsaye, za ka yanke wa jarumin kai ko ka matse rubutu. Ka ajiye jarumi daban, bayan fage daban, suna daban, sai ka sake jera su a kowane girma.

Darasi na biyu: mutum ɗaya ya isa

Mun saba da fostar finafinan Kano inda ake jera fuskokin 'yan wasa rututu, kuma da dalili: fuskar jarumi ce take sayar da fim. A gem ɗinka babu fuskar da aka sani, don haka taron mutane hayaniya ce kawai. Ku tuna hoton PUBG: mutum ɗaya, farar riga, nakatayal, da hular kwano ta ƙarfe. Ko daga nesa ka hango wannan hular ka san wasan. Gwajin da nake yi yanzu shi ne in mayar da jarumin baƙi ƙirin kamar inuwa. Idan har a inuwar ana gane mutum ne, ana gane abin da yake riƙe da shi da inda ya dosa, zane ya yi. Idan ya zama dunƙule, a sake.

Darasi na uku: haske da duhu kafin launi

Bangon Doom na 1993, wanda Don Ivan Punchatz ya zana wa kamfanin id Software, har yau ana koyo da shi. Soja ne sanye da koren sulke a kan tudu, dodanni suna kai masa cafka daga ƙasa, bayan fagen kuma ja ne. Kore a kan ja, dole ido ya fara sauka a kan sojan. Ni kuwa a allona komai ja ne da ruwan lemo, shi ya sa babu abin da ya fito. Ka cire launin hotonka gaba ɗaya ya koma fari da baƙi, ka duba. Idan jarumi ya nutse cikin bayan fage, to launi ba zai cece shi ba. Launi biyu manya da ɗaya na ƙawa sun wadatar.

Darasi na huɗu: suna ya karantu

Salon rubutu ɗaya, mai kauri, a wurin da babu tarkace a bayansa. Ka rage hoton ya koma kamar faɗin babban yatsanka a fuskar waya, ka miƙa wa abokin ɗakinka na daƙiƙa biyu, ka karɓe. Tambaye shi sunan wasan, da irin wasan. Idan ya yi "eh... to...", kada ka yi masa bayani, koma ka gyara. Mai saye ba zai same ka kusa ba balle ka yi masa bayani.

Darasi na biyar: kasuwa tana da doka

Tun 1 ga Satumba 2022 Valve ya hana sa makin yabo, lambobin girmamawa da tallan rangwame a kan ainihin hotunan bango. Zane, sunan wasa da ƙaramin take kawai aka yarda. Google Play ma ba ya son kalmomi irin su "kyauta" ko "lamba ɗaya" a tambari, kuma ya hana nuna mummunan zubar da jini a hotunan talla, tunda har yara suna gani. Rajistar mai manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, Steam kuma dala 100 a kan kowane wasa. Ku lissafa da naira, za ku ga ba kuɗin da ɗalibi zai yi wasa da shi ba ne. Sannan kada ka ɗauko jarumin Free Fire ka manna a naka. Mallakar Garena ne, ana iya sauke maka wasan. Haka kuma kada bango ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, domin wanda aka yaudara shi ne zai fara ba ka tauraro ɗaya.

Darasi na shida: wa zai gani?

Wannan babu shi a littafin koyon zane, Baba ne ya koya min. Mai zane a Amurka ko Koriya ta Kudu yana iya ɗaukar bindiga a matsayin ado. Mu a kudancin Katsina ba haka ba ne. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma akwai manoman da gonakinsu suka gagare su zuwa. Ban ce kada a yi wasan harbi ba, ni ma ina bugawa. Abin da nake cewa shi ne mai zane yana da zaɓi: wa ya mayar jarumi, wace shiga ya sa masa, ina bakin bindigar ya kalla. Ana iya nuna cewa wasan faɗa ne da tsayuwar jarumi, da sulke, da ƙura, ba tare da an auna mai kallo da makami ba, kuma ba tare da an yi wa wata ƙabila ko wata shiga tambarin ta'addanci ba.

Allo na biyu da na zana mutum ɗaya ne cikin sulke irin na 'yan sama jannati, ya ba da baya yana kallon wani birni, shuɗi a bayansa, sunan shagon da rawaya, ƙwallo a gefe. Kafin a kai Funtua sai da na nuna wa Baba a waya. Ya ce, "To, wannan dai ba na jejinmu ba ne." Yana nan a kafe har yanzu.

Aikin gida: ku buɗe Play Store, ku zaɓi wasannin harbi biyar, ku ɗauki hoton tambarinsu, ku mayar fari da baƙi. Ku rubuta wanda ya fi fitowa da dalili. Sannan kowa ya zana nasa a 512 a 512, ya gwada shi a kan abokin ɗaki, ya kuma nuna wa wani babba a gida kafin ya kashe ko sisi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya.