Bayan Tiyatar Ƙugu: Yadda Jijiyar Ƙafa Ke Farfaɗowa

Ya kai majinyaci, idan an cire maka guringuntsin da ya zame ya danne jijiya a ƙugu, kada hankalinka ya tashi don ƙafar ba ta dawo daidai nan take ba. Likita ya ɗage abin da ya danne jijiyar ne kawai. Warkewarta sai a hankali, domin jijiyar da ta lalace kimanin milimita 1 take tofowa a rana.

Yadda sauƙi ke zuwa

1. Zogin da ke sauka ƙafa shi ke fara tafiya, sau da yawa cikin kwanakin farko.
2. Ƙarfin ƙafa yakan dawo cikin makonni ko watanni.
3. Rashin ji a yatsu ko tafin ƙafa shi ne na ƙarshe. Yakan kai shekara 1 ko fiye, kuma wani lokaci ba ya gushewa duka, musamman in jijiyar ta daɗe a danne.

Jin kamar tafiyar kiyashi ko tsirar allura ba lalle ne alamar aikin ya ɓaci ba.

Idan ka koma gida

Mutanenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa galibi manoma ne, to a kiyaye:

1. Kada ka ɗaga buhun masara ko ka duƙa noma har makonni 6, ko sai likita ya yarda. Guringuntsin yana iya sake zamewa.
2. Guji doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada.
3. Riƙa ɗan tattaki kullum, ka kuma bi atisayen da ma'aikatan gashin ƙashi suka koya maka.
4. Ƙafar da ba ta ji ba ta sanin ƙaya ko wuta. Sa takalmi, duba ta kowane dare. Da hunturu nisanta ta da garwashi, ka gwada ruwan zafi da hannu.
5. Ban da sakiya, tsaga ko ƙaho.

Alamun haɗari

Kada ka kwana a gida idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida na zuba ba da saninka ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya daina ji, ko ƙafar na ƙara mutuwa, ko ga zazzaɓi da mugunya a ɗinki. Garzaya babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara a tura ka Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya. Jinkirin kwana ɗaya na iya jawo lahani na dindindin.

Allah ya ƙara lafiya.