Yoyon baƙin mai a tsohuwar Land Cruiser: a wanke kafin a kwance

Direbobi da masu motocin shiga daji, ga magana daga bakin bakanike. Idan tsohuwar Land Cruiser ɗinka ko Hilux ta fara barin baƙin tabo a inda ta kwana, kada ka yarda a ɗora mata sifana sai an wanke injin tas an ga inda man yake fitowa. Yawancin kuɗin da ake asara a kan yoyon baƙin mai a nan yake tafiya. A canza abin da lafiyarsa lau, a bar mai ciwon yana nan.

Mai ba ya ɗiga a inda ya ɓulla. Daga sama yake gangarowa, iskar fanka da ta gudu su kora shi baya, ya taru a mahaɗar inji da giyabos, daga can ya ɗiga ƙasa. Wanda ya leƙa daga cikin rami ya ga wurin sharkaf, nan take zai ce sil ɗin bayan karanshaf ce ta mutu. Ita sil ɗin ba wata tsada gare ta ba, amma kafin hannu ya kai gare ta sai an sauke farfela, an sauke giyabos da ogzileri, an cire kuloci da filawil. Aikin yini guda ne cur, da majiya ƙarfi.

An taɓa kawo min wata mai injin 1HZ da aka yi wa wannan aikin kaf a wani gareji, kuma yoyo bai fasa ba. Muka wanke ta, muka tayar, muka jira ta yi zafi. Sai ga siririn mai yana tsattsafowa daga kusurwar bayan murfin saman inji, can inda ya kusa jingina da jikin mota, wurin da ido ba ya kaiwa sai da tocila da ɗan madubi. Robar gaskit ɗin ta bushe ta ƙandare, ina lanƙwasa ta ta karye a hannuna. Na ce wa mai motar, "Alhaji, ga ɓarawon naka." Ya juya guntun robar a tafinsa ya ce, "Oga, wannan ce ta ci min kuɗin sauke giyabos?"

Tun a gida za ka iya fara binciken. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe ka duba inda ɗigon ya sauka, ka shafa a yatsa ka sansana. Man injin dizal baƙi ne wuluk. Man giya yana da kauri da wari mai hawa kai. Na sitiyari galibi ja ne. Idan kuwa ta cikin tayar gaba ka ga dagwalon mai da giris a jikin ƙwallon da taya ke juyawa a kai, wannan matsalar aksul ce, babu ruwan inji.

A gareji kuma, a bar inji ya huce, a rufe altaneta da bakin shan iska, a goge da kananzir da buroshi, a bi da omo da ruwa. Ban da fetur a kan inji mai zafi. In ya bushe a barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi, a tayar, a ɗan zagaya da motar. Hodar za ta nuna sawun man. A bi sawun zuwa sama har inda ya ƙare, nan ne ƙofar.

Kowane inji da inda ya saba yoyo. A Hilux mai injin 3L ko 5L, famfon da ke ba birki iska yana manne a bayan altaneta, kuma tiyo-tiyon man da ke zuwa masa suna tsagewa in sun tsufa. A Land Cruiser mai fetur, 1FZ mai lita 4.5, robar murfin famfon mai da ke gaban inji ta yi suna wajen zuba. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake raina su: suwicin fitilar mai, washar kusar juye da ake ta mayar da tsohuwa, da robar tsohuwar filta da kan maƙale a jikin inji a ɗaura sabuwa a kanta. Wannan ta ƙarshe tana iya zubar da man inji duka cikin 'yan mintoci.

Wanda ba na wasa da shi shi ne yoyon gaban 1HZ. Injin nan mai silinda shida, lita 4.2, da Toyota ta fito da shi a 1990, tayimin bel ne yake juya kamshaf ɗinsa. Idan sil ɗin kamshaf ta saki, man yana jiƙa bel ɗin a ɓoye cikin murfinsa, ya ruɓar da robar. Ranar da ya tsinke, fistin zai haɗu da bawul. Duk bel ɗin da ya sha mai a canza shi tare da sil ɗin, ko da bai cika kilomita 100,000 da aka ɗibar wa tsofaffin samfura ba.

Sai abin da ya fi damuna, domin shi ne yake sa a canza sil sabuwa fil, bayan wata guda ta sake zuba. Inji yana numfashi. Kullum akwai ɗan hayaƙin da ke ratsa ringi ya faɗa inda mai yake, kuma akwai tiyon da ke fitar da shi daga murfin sama. Idan tiyon ya toshe da dattin mai, ko ringi ya cinye hayaƙin ya fi ƙarfin tiyon, iskar za ta nemi hanya ta kowace sil da kowane gaskit. Motocinmu kuwa ƙura suke sha, ta hunturu da ta hanyar burji da yashin arewa. Filtar iska ta huje ko bakinta bai zauna ba, ƙurar ta shige ta riƙa goge ringi da silinda kamar sanfefa. Gwajin ba shi da wuya. Inji ya yi zafi yana aiki a tsaye, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba. In ya ɗan yi rawa kawai, da sauƙi. In iska ta tunkuɗe shi hayaƙi na bulbulowa, to maganar ta wuce sil. A fara duba tiyon, in a buɗe yake a auna ƙarfin silinda. Haka nan kafin a buga sabuwar sil, a shafa farce a jikin ƙarfen da take kamawa. Tsohuwar sil da ƙura sukan yi masa zobe, kuma sabuwar da ta zauna cikin wannan zoben ba za ta riƙe mai ba.

Maganar gam kuma, 'yan uwana makanikai, a rage hannu. Kwanon man 1HZ da gam ake liƙe shi tun daga kamfani, amma siririn layi ne na milimita 3 ko 4, a kan ƙarfen da aka kankare aka goge babu ɗigon mai. A haɗa cikin 'yan mintoci, a bar shi aƙalla awa biyu kafin a tayar. Gam ɗin da ka ga ya tumbatso waje, irinsa ya tumbatsa ciki, kuma can zai gutsure ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai. Na sha buɗe injin da ya buga na tarar da rariyar cike da jan gam. Ƙananan kusoshin murfin sama ma ba a danne su da ƙarfi, murfin ne yake lanƙwashewa yoyon ya ƙaru.

Masu zuba mai mai kauri ko ruwan kwalba wai maganin yoyo, ɗigon yakan ragu na ɗan lokaci, amma robar da ta tsage tana nan a tsage.

Ba kowane gumi ne yake buƙatar kwance inji ba. Tsohuwar mota da ke ɗan jiƙa ƙura a gefen murfi, gejinta bai sauka ba daga juye zuwa juye, tana iya jira. Amma wadda ke ɗiga inji na aiki, ko man na zuba kan salansa, ko kuloci ya fara sulɓi, kada a kama doguwar hanya da ita, balle irin ta Agadez zuwa Dirkou inda babu gareji a tsakani. In tafiyar ta zama dole, a ɗauki galan na irin man da ke cikin injin, a ja geji a duk tsayawa, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri bayan an kashe ta da 'yan mintoci. Jar fitilar mai ta kama kana tafe, ka sauka gefe ka kashe nan take, ko da gari na gabanka kana hango shi.